Ruwan Aski

A gidan Manaja ruwa ba ya yankewa. Ko famfon unguwa ya ƙafe, su suna da rijiyar burtsatse a tsakar gida, da tanki a saman rufi, da dogon tiyo da ake wanke mota da shi kowace safiya, har ruwan ya malala ta ƙarƙashin ƙofa ya kama hanyarsa a titi. Furannin bakin baranda ma suna da rabonsu safe da yamma. Mutum ɗaya ne kacal ake auna wa ruwa a gidan, shi ne uban mai gidan.

Baba Mai Guga ake ce masa, don da wanki da guga ya ci abinci har ƙarfinsa ya ƙare. Tun da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, aka ba shi ɗakin da ke manne da garejin mota. Gado ne a ciki, da kujerar roba ɗaya, da taga mai sandunan ƙarfe daidai saman kansa. Hannunsa na dama yana aiki, bakinsa ma yana aiki, sai dai ba ya iya kai kansa banɗaki, wani lokacin kuma fitsari yana riga shi.

A unguwar akwai 'yan sa kai da ke zagaya tsofaffi. Ba su da ofis, ba su da riga iri ɗaya. Wata tsohuwar malamar makaranta ce ke haɗa kansu, kowa Malama yake ce mata. Wannan ya kai wani asibiti, wancan ya share wa wata ɗaki, wata kuma aikinta kawai ta zauna ta saurari labarin da ta riga ta ji sau ba adadi. Mai Aski shi ne na tsofaffin maza. Duk ranar Laraba yake rufe shagonsa da safe, ya rataya jaka, ya bi su gida gida yana yi musu aski da gyaran fuska da yankan farce, wanda ya yarda har wanka ya yi masa. Gajere ne mai surutun tsiya, irin wanda idan ya kama kanka sai ka ji labarin unguwa kaf kafin ya sake ka.

Ranar da abin ya fito fili, ya shiga ɗakin da tsokanarsa ta kullum.

"Baba, wannan gemu fa ya yi yawa. Ko dai amarya muke nema ne ba a gaya mini ba?"

"Wa zai ba ni, ɗana? Kai ma da ƙafafunka biyu da ƙyar ka samu ɗaya."

Muryar ce ba ta yi wa Mai Aski daɗi ba. A shaƙe take, harshen yana manne wa baki. Ya jingina tsohon da filo, ya yafa masa tawul, ya fita famfon tsakar gida ya cika 'yar robarsa. Shi ba ya ɗora reza a busasshiyar fuska. Sai ya jiƙa gemun, ya kaɗa sabulu a cikin ruwan har ya yi kumfa, sannan ya fara. Ya kaɗa, ya ajiye robar a gefen gado, ya juya yana neman sabuwar reza a jaka. Da ya waiwayo sai ya ga robar a bakin Baba. Kumfa tana gangarowa ta gefen baki, maƙogwaro yana kaiwa yana komowa.

"Baba! Sabulu ne a ciki!"

Kafin ya ƙwace, saura kaɗan. Tsohon ya goge bakinsa da bayan hannu, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da hannu a aljihun wani.

"Kada ka gaya musu."

"In gaya musu me? Ƙishirwa kake ji?"

"Ai sun ba ni. Suna ba ni da safe in haɗiyi magani. Da rana ma idan an kawo abinci akwai ɗan kaɗan." Ya ɗago kai. "Yaran nan suna ƙoƙari, ɗana. Ni ne ba na riƙewa."

Mai Aski ya nufi famfo. Ya wanke robar tas, ya ciko ta, ya tallafi ƙeyar tsohon ya ba shi. Ya shanye. Ya ƙaro, ya shanye. Sai a ta uku ya tsaya ya yi ajiyar zuciya, idanunsa suka kawo ƙwalla, ya ce, "Allah ya shayar da kai."

Da ya gama askin ya zagaya bayan gida, ya tarar da matar Manaja tana kwashe shanya. Mace ce da gajiya ta zauna mata a fuska. Koyarwa take yi da safe, ta dawo ta kama girki da yara, kuma duk wani zanin gado da ya ɓaci a ɗakin Baba, hannunta ne ke wanke shi.

"Maman yara, Baba yana jin ƙishirwa sosai."

"Kullum cikin jin ƙishirwa yake," ta ce, ba ta ko juyo ba. "Idan ka biye masa sai ya shanye tanki. Kai ka ba shi ka kama gabanka, ni ce zan kwana da wanki."

"Ba ga injin wanki can ba?"

"Injin da nake wanke kayan yara da kayan ofis ɗin babansu? In zuba masa wannan? Haba Mai Aski." Ta nuna masa tafukan hannunta, duk sun yi saɓa. "Dubi nan. 'Ya'yansa biyu a duniya, akwai wanda ya taɓa zuwa ya kama mini bakin bargo muka matse? Baban yara ne ya ce a rage masa ruwan, kuma tun da aka rage muka samu sauƙi."

Ba zan ce ƙarya ta yi ba. Hannayen nata gaskiya suka faɗa. Abin da ke ci mini rai shi ne, a duk gidan nan, da aka zauna neman wanda zai ɗauki wahalar, sai aka zaɓi wanda ba ya iya tashi ya kai kansa famfo.

Ruwan da Mai Aski ya bayar ya yi aikin da ruwa ke yi. Kafin yamma katifa ta jiƙe har ƙasa. Laraba ta gaba da ya zo, tana jingine a bayan gida, an ɓoye ta da tsohon labule kada baƙi su gani, Baba kuma yana kwance a kan sabuwa fil, mai kauri, ko ledar kanti ba a gama cire mata ba. Manaja ne ya sayo, kuma duk wanda ya shigo gidan a makon sai da aka kai shi ya gani.

Mai Aski ya je ya gaya wa Malama komai. Ta ce su je tare su same shi, a yi magana ta hankali. Manaja ya karɓe su a falo da fara'a. Dogo ne, mai tsabta, rigarsa ta sha guga har kana iya yanka hannu da karin hannunta. Aka kawo musu ruwan sanyi a tire, kwalaben suna zufa.

Malama ta yi godiya, ta yaba katifar, sannan ta shiga maganar a hankali. Ta ce tsoho idan bai sha ruwa ba jikinsa lalacewa yake yi daga ciki. Ta ce sun san wankin da nauyi, shi ya sa suka zo da shawara: akwai mata biyu a cikinsu da suka yarda su riƙa karɓar zannuwan suna wankewa, su shanya, su dawo da su a ninke.

Fara'ar ta ragu a fuskar Manaja.

"Malama, kina nufin a fita da kayan fitsarin mahaifina daga gidan nan, a rataya a igiyar wani gida, duk mai wucewa ya tambaya na wane ne? A ce ina raye, ina da hali, 'yan sa kai ke wanke wa ubana zani?"

"To su shigo nan su wanke, ba mai gani."

"Gidana ba wurin wankau ba ne."

"Akwai kunzugun manya da ake sayarwa a kantin magani," Malama ta ce. "Da shi da ledar shimfiɗa, katifa ba za ta ji komai ba."

"Ubana ba jariri ba ne. Ba zan wulaƙanta shi da wannan ba."

Mai Aski, da aka yi da shi tun a hanya cewa zai kama bakinsa, ya kasa.

"Yallaɓai, to ruwan sabulun da ya sha fa? Shi ba wulaƙanci ba ne?"

Manaja ya dube shi daga sama har ƙasa, abin da bai ɗauki lokaci ba.

"Tsufa ne. Tsoho yakan kai komai baki. Kuma da ba ka ajiye masa a gaba ba, da bai sha ba. Mu muke kwana da shi, mu muka san shi. Kai mako mako kake zuwa." Ya gyara zama. "Ba na hana alheri. Ka ci gaba da zuwa, amma ka zo da injin aski na lantarki, wanda ba ya buƙatar ruwa. Abin da zai ci da abin da zai sha kuma, ku bar wa masu gida."

Suka tashi, kwalaben ruwan suna nan yadda aka kawo su. A bakin ƙofa Malama ta ce masa su karɓi sharaɗin, don ƙofar da aka bari a buɗe ta fi wadda aka rufe amfani ga tsohon.

Mai Aski ya karɓa, amma ya ƙara nasa sharaɗin a zuci. Ya riƙa zuwa da injin, ya kunna shi ya bar shi yana ƙugi a kan kujera, shi kuwa ya zaro gorar ruwa daga ƙasan jaka, a naɗe cikin tawul. Baba ya sha yana kallon ƙofa. Sauran ranakun mako kuma sai dai abin da Allah ya yi. Haka suka yi ta yi, tsohon yana ɗan farfaɗowa ranar Laraba, yana yin yaushi kafin wata ta zagayo, har ranar da zanin gado ya tona musu asiri. Katifar ba ta jiƙe ba, don ledar kantin tana jikinta, amma matar Manaja ta ga zanin, ta ɗaga filo ta ga murfin gora. Da yamma Manaja ya tsaya a ƙofar shagon aski, bai ko fito daga mota ba, ya sauke gilashi.

"Na yi maka mutunci ka ci amanata. Kada in sake ganin ƙafarka a gidana."

Daga nan kwanakin Baba suka fara tafiya ƙasa.

Abu na farko da aka ɗauke shi ne buta. An lura idan aka kawo masa ruwan alwala, kurkurar bakinsa ba ta dawowa. Manaja da kansa ya kawo masa wani sumul ɗin dutse ya ajiye a gefen filo, ya yi masa bayani da tattausar murya cewa addini ya yi wa mara lafiya sauƙi, taimama ta isar masa. Baba ya karɓi dutsen ya ce Allah ya yi albarka. Shayin safe ma aka mayar da shi rabin kofi. Abinci mai romo aka daina kai masa, sai busasshe, shi kuma busasshen ba ya wuce masa wuya, sai ya ɗan taɓa ya ture. Aka ce Baba ya daina son abinci.

Auta, 'yarsa mace da ke aure a wata unguwa, ta zo duba shi wata ranar hutu, da ledar lemo da ƙamshin turare. Ta tsaya daga tsakiyar ɗaki.

"Baba, ya jiki? Kai, amma Yaya ya yi ƙoƙari, wannan katifa haka!"

"Auta, ɗan ba ni ruwa."

Ta leƙa waje ta tambayi matar yayanta, ta dawo.

"An ce ka sha ɗazu, Baba. Ka san tsarin da aka yi maka. Ni ba zan zo gidan mutane in ɓata musu tsari ba." Ta zauna a bakin kujera, ta ɗauki hotonsa da waya don ta tura wa dangi. Da za ta tafi ta ja matar yayanta gefe ta ce lemon nan a ba yara, don shi ma ruwa ne.

Leɓunansa suka tsage. Fatar hannunsa idan ta tattare ba ta komawa. Ya fara magana shi kaɗai, yana kiran sunayen mutanen da ya yi wa wanki tun suna samari, yana cewa a ɗauraye sau biyu, a juya rigar ciki waje kada rana ta cinye launin, a kawo bokiti, bokitin nan bai cika ba. Yara suka riƙa laɓewa a ƙofa suna dariya. Manaja ya gaya wa abokansa cewa Baba ya fara ruɗewa, sai addu'a.

Amma akwai lokaci ɗaya da hankalinsa ke dawowa cif, shi ne da safe idan an kunna tiyo. Manaja ba ya yarda kowa ya wanke masa mota. Da kansa yake naɗe hannun riga, ya bi ta da kumfa, ya durƙusa ya cuɗa tayoyi, ya bi kowane lungu da tsumma mai laushi. Duk wannan a jikin tagar ubansa ake yi. Baba yana kwance yana jin ruwa na dukan ƙarfe, yana jin yana zuba a siminti yana tafiya. Wata safiya ya cire hularsa, ya miƙa hannunsa mai lafiya sama, ya tura ta tsakanin sandunan tagar ya riƙe. Feshin da ke tashi daga jikin motar ya riƙa sauka a kanta. Da ta yi danshi sai ya jawo ta ya tsotsa, ya sake turawa.

Ya yi haka safiya da yawa kafin ɗansa ya lura. Ranar da ya lura, ya tsaya da tiyo a hannu yana kallon hular da yatsun da ke riƙe da ita. Ya san yatsun. Su ne suka goge masa rigar makaranta tun bai san ɗaura maɓalli ba. Ya daɗe a tsaye, kuma na rantse a wannan tsayuwar abin ya taɓa shi. Sai ya kashe tiyon, ya zagaya ya shiga ɗakin, ya karɓi hular a hankali, ya rufe tagar ya sa sakata.

"Sanyi zai kama ka, Baba," ya ce.

Shi kuwa Mai Aski bai daina zuwa ba. Duk Laraba sai ya tsaya a ƙofar gidan da jakarsa ya yi sallama, a ce masa Baba yana barci, ya ce a gaishe shi, ya wuce gidan tsoho na gaba. Malama ta je sau biyu, aka ce mai gida ba ya nan. Ta bi ta wajen wani dattijon maƙwabci, shi kuma ya ce ba ya shiga tsakanin ɗa da uba, balle ɗan da kowa ya ga irin katifar da ya saya.

Abin da ya buɗe ƙofar a ƙarshe ba tausayi ba ne, gemu ne. Manyan wurin aikin Manaja suka aiko cewa za su zo duba mahaifinsa, sai aka duba aka ga tsohon ya zama abin tsoro, gashi ya rufe masa fuska, farce ya yi zaƙo-zaƙo. Aka gwada wani mai askin, Baba ya ƙi tsayar da kai. Dole matar Manaja ta aika a kira na da.

Da ya shiga ɗakin bai yi tsokana ba. Ɗakin a rufe yake, da zafi, an fesa turare. Mutumin da ke kan katifar ya koma rabin wanda ya bari. Idanu sun faɗa, baki a buɗe, harshe ya yi fari ya bushe.

"Baba, ni ne."

Idanun suka juyo a hankali. "Ɗana. Ka samu mata ta biyun?"

Mai Aski ya yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Bai ɓoye komai ba wannan karon. Ya zaro gorar a fili, ya buɗe, ya tallafi ƙeyarsa ya kai masa baki. Sai Baba ya rufe leɓunansa ya kawar da kai.

"Sha mana, Baba."

"A'a. Yau akwai baƙi."

"Baƙin banza! Sha, ni zan wanke. Wallahi da hannuna zan wanke."

"Ba ka san wankin bargo ba, ɗana. Ni na sani. Yana karya baya." Ya numfasa. "Yarinyar nan ta gaji. Kuma katifar sabuwa ce. Ka bar ni in fita kunyarsu."

Ya roƙe shi, ya haɗa shi da Allah, ya yi masa faɗa kamar yaro. Tsohon ya ƙi. Sun koya masa cewa ƙishirwarsa laifi ce, kuma ya haddace karatun. Abin da Mai Aski ya samu kawai shi ne ya jiƙa bakin tawul ya riƙa goga masa a leɓe. Ya ciko robarsa a famfo, ko a jikinsa da wanda ke kallo, ya jiƙa gemun, ya kaɗa kumfa, ya yi masa aski irin na da. Robar tana gefen gado har aka gama, Baba bai ko dube ta ba.

Ya fito ya tari Manaja a baranda.

"Yallaɓai, a kai Baba asibiti yanzu."

"Baƙi suna hanya. Idan sun tafi sai a gani."

"Idan sun tafi ƙila shi ma ya tafi."

"Ka gama aikinka? To Allah ya saka."

Baƙin suka zo da kwandon 'ya'yan itace, suka tsaya a kan tsohon da aka gyara tas, suka yi masa sannu, suka ce wa Manaja Allah ya ba su 'ya'ya masu jin ƙai irinsa. Suna fitowa suka tarar da Mai Aski da Malama a tsakar gida, da motar haya a ƙofa. Malama ta gaishe su da ladabi, sannan ta ce, da muryar da ta saba kai wa ƙarshen aji, sun zo kai Baba asibiti ne, tun da motar gidan ba ta samu sarari ba.

Nan take motar gidan ta samu sarari. Manaja ya ce ai dama shirin da yake yi ke nan. Sai da ya shiga ciki ya ɗauko babbar leda ya shimfiɗa a kujerar baya, ya soke gefe da gefe, sannan aka ɗauko tsohon. Wahalar banza ya yi. Har suka isa ledar a bushe take, don babu abin da ya rage a jikin da zai fito.

Likita ya duba harshen, ya ja fatar hannun, ya tambaya yaushe rabon tsohon nan da shan ruwa sosai. Manaja ya ce ƙi yake yi, ko yau an ba shi ya ƙi, ga shaida nan a tambaye shi. Ya nuna Mai Aski. Kuma abin takaicin, ba ƙarya ya yi ba. Aka ɗaura masa ƙarin ruwa, leda bayan leda, amma ƙodarsa ta riga ta tsaya. Washegari da hantsi ya cika.

Ku zo ku ga ruwa a gidan Manaja ranar nan. Kuloli cike da ƙanƙara a ƙarƙashin rumfa, kwalabe a gaban kowane mai gaisuwa, wanda ya sha rabi ya ajiye a kawo masa sabuwa. Auta tana kuka tana nuna wa mata hotonsa a waya. Ana ta faɗin yadda ɗansa ya riƙe shi, ɗaki nasa shi kaɗai, katifa sabuwa, har mai aski ake kawo masa gida. Ba wanda ya ce mai askin kansa ya kawo, kuma korarsa aka yi. Haka abin yake. Ɗan sa kai yana iya rufe shagonsa, ya ba da safiyarsa da hannunsa da bayansa, ya ga abin da 'yan gida suka daina gani. Amma a bakin ƙofa ikonsa yake ƙarewa, mabuɗin yana hannun wanda ya fi jin kunyar igiyar shanya a kan ƙishirwar ubansa.

Da aka zo wanke gawar, aka nemi wanda zai yi. Manaja ya ce zuciyarsa ba za ta iya ba. Aka waiwaya, sai ga Mai Aski a tsaye ya riga ya naɗe hannun riga. Aka shigar masa da bokiti, aka ƙara wani, aka ƙara wani, har da butar nan da aka ɗauke, ta fito daga inda aka ɓoye ta. Ya wanke shi a hankali, yadda ya saba, yana tallafe ƙeyar. Da ya zo fuska ya daɗe yana zuba ruwa a kan leɓunan da suka tsage.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Manaja ne, idanunsa jajir, da wani bokitin a hannu.

"Mai Aski, ruwan ya isa, ko a ƙaro?"

Mai Aski ya ɗago ya dube shi.

"Ƙaro, Yallaɓai. Kawo duka. Yau ko nawa aka ba shi ba zai ɓata muku komai ba."

Bayan an watse, aka buɗe tagar ɗakin don ya sha iska, aka fito da katifar tsakar gida. Manaja ya danna ta da hannu, ya juya ta, ya duba ɗaya gefen. Ya ce a kai ta ɗakin baƙi, ba abin da ya same ta.

Gaskiya ya faɗa. Ba abin da ya same ta.